Masu Bin Sawun Farashin Wuta a Kakuri

Rasit ɗin katin wuta 'yar guntuwar takarda ce, faɗinta bai wuce yatsu uku ba. A jikinta akwai kwanan wata, lambar mita, kuɗin da aka biya, harajin VAT, yawan yunit, da lambobi 20 da za a danna. Yawancinmu da mita ta karɓi lambobin, sai mu dunƙule takardar mu yar. Amma a unguwannin Kaduna irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Sabon Tasha, inda masu ƙanƙara da gidajen burodi da masu walda da injinan niƙa ke rayuwa da wuta, akwai waɗanda ba sa yarwa. Wani akawun kamfani ne, wani ɗan maigida ne da ya karanta ƙididdiga ya dawo yana riƙe wa mahaifinsa littafi. Tambayarsu guda ce: yaya farashin wuta yake tafiya daga wata zuwa wata, daga shekara zuwa shekara, kuma me ke tura shi?

Abu na farko da mai wannan aiki ya sani shi ne rubutun rasit ba ya daɗewa. Zafi ne ya buga shi, zafi kuma ke goge shi. In aka bar shi a aljihu ko a kan dashbod ɗin mota a watan Afrilu, kafin a ankara ya koma fari fat. Saboda haka ranar da aka sayi kati, ranar ake ɗaukar hotonsa, a kuma kwafe shi a littafi ko a Excel. Layi ɗaya, saye ɗaya: rana, kuɗi, haraji, abin da aka cire na tsohon bashi in akwai, sai yunit. Yunit ɗin nan shi ne wutar da na'ura mai cin wat 1,000 za ta sha a cikin awa ɗaya. Daga nan sai rabawa: kuɗi a kan yunit, a ga nawa kowane ɗaya ya tsaya.

Rabawar ma tana da tarko. Mai gaggawa zai raba dukan abin da ya biya, ya ga yau yunit ya kai kaza, gobe ya sauko, ya ce farashi yana rawa. Alhali a wani sayen an zare masa kason bashi ne, a wani ba a zare ba. Gwani yana ware bashin gefe tukuna. Yana kuma tuna cewa VAT ɗin ta tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, don haka ɗan tsallen da ya gani a wannan watan ba na kamfanin wuta ba ne. Bil ɗin ƙiyasi kuwa, irin wanda ake kawo wa marasa mita, ba ya shiga wannan jeri ko kaɗan, domin yunit ɗin da aka rubuta a kai ba auna shi aka yi ba. Ana buɗe masa shafinsa daban.

Idan layuka suka taru, sai a zana. Watanni a kwance, naira a tsaye, ɗigo ɗaya ga kowane wata. Abin da ke fitowa a Kaduna siffar matakala ce: layi ya miƙe ɗoɗar na watanni, wani lokaci shekaru, sai ya yi tsalle a rana ɗaya, ya sake miƙewa. Dalili kuwa farashin da ke jikin rasit ba kasuwa ke yanka shi ba. Hukumar NERC, wadda dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta kafa, ita ke fitar da shi a ƙarƙashin tsarin da ake kira MYTO, wato farashin da aka tsara na shekaru da dama a jere. An fara shi a 2008, aka sabunta a 2012, sannan wanda ya soma aiki ranar 1 ga Fabrairun 2016 ya soke tsayayyen kuɗin wata-wata da ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba. Kamfanin Kaduna Electric, mai raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, a cikin wannan tsari yake sayarwa.

A 2020 aka kasa layukan wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi alkawari a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E 4. Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga na rukunin A, wanda kowa ke kira Band A, daga kusan naira 68 zuwa 225. A Mayu aka rage zuwa 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Mai lissafi yana juya waɗannan alƙaluma zuwa abin da maigida zai gane nan take. Naira 10,000, bayan an cire haraji, da tana sayen yunit kusan 137. Ta koma 41, ta ɗan farfaɗo zuwa 45, ta zauna a 44. A jikin zanensa, kowane tsalle yana da ɗan rubutu a gefe: ranar da ya faru, da takardar hukuma da ta kawo shi.

A wasu ƙasashe zanen ba haka yake ba sam. A kasuwar Nord Pool, wadda Norway da Sweden suka haɗu a kanta a 1996, ana cinikin wutar gobe tun yau, kuma farashin safe daban da na tsakar dare. Wuta ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu mai yawa a jira tsada, sai an sha ta lokacin da aka samar da ita, shi ya sa farashinta a irin waɗannan kasuwanni ke harbawa sama cikin awa guda ya kuma faɗo. A Jamus, ranar da iska da rana suka yi yawa masu saye suka yi kaɗan, farashi kan gangara ƙasa da sifiri, mai wuta ya biya a karɓa. A jihar Texas ta Amurka, lokacin tsananin sanyin Fabrairun 2021, yunit dubu ya kai dala 9,000 na kwanaki. Masana ƙididdiga na can sun lura cewa komai nisan tsallen, farashi kan dawo kusa da inda ya saba zama, kuma suna auna saurin dawowar. Ɗalibin da ya kwaso dabarunsu ya ɗora a kan matakalar NERC ba zai samu komai ba sai wahala, don babu rawar da zai auna.

Rawar tana nan, amma ba a rasit take ba. A nan ne, a ganina, gwanintar mutanen Kakuri ta fi burgewa.

Mai ƙanƙara ba farashin hukuma yake biya ba. Abin da yake biya shi ne kuɗin sanyaya ruwansa, ko wa ya kawo wutar. In NEPA ta ɗauke, har yau haka muke kiranta ko da yake sunan ya kau tun 2005, janareta ne zai tashi. Don haka ake buɗe littafi na biyu, a rataye shi da igiya kusa da makunnin canja layi, a ɗaure masa biro. Mai gadi ko yaron inji yana rubutawa: an kawo 6:40, an ɗauke 11:15, an tada inji 11:25, an kashe 3:50. Kowace safiya a tsoma sanda mai alama a tankin dizal, a rubuta lita nawa ta ragu, a kuma karanta mita a lokaci guda kullum, ba yau da asuba gobe da azahar ba. Janaretan dizal mai lafiya, da aka ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, yana ba da yunit uku ko ɗan fiye a lita ɗaya. Gwani ba ya dogara da wannan ƙiyasi in yana da hali. Yakan sa wa injin 'yar mita tasa, domin tsohon inji ko wanda ke aiki da rabin kaya shan mai yake yi ba tare da ya biya ba.

Ga yadda ake haɗa littattafan biyu. A ce, don misali kawai, wurin yana shan yunit 100 a rana, dizal kuma naira 1,200 lita, wato yunit ɗin inji ya tsaya 400. Ranar da layi ya ba da 60 a kan naira 225 har da haraji, inji ya cike 40, jimilla 29,500, kowane yunit 295. Ranar da layi ya ba da 30 kacal, kuɗin ya zama 34,750, yunit ya haura 347. Ba wanda ya fitar da sanarwa, ba a yi gardama a rediyo ba, amma wuta ta ƙara tsada da kusan kashi 18 cikin ɗari tsakanin Talata da Laraba. Sai a ɗauki maƙwabcinsa da ke kan layi mai araha, a ce naira 60 yake biya, amma yunit 30 kawai yake samu. Nasa ya kama 298. Wanda ake yi wa kallon mai sa'a da wanda ake tausaya wa ashe kusan kuɗi ɗaya suke kashewa. Wannan lissafi ana kiransa matsakaici mai nauyi, ma'ana kowane farashi ana ba shi ƙarfi daidai yawan yunit ɗin da aka sha a kansa. Ko kuɗin gyaran inji da baƙin mai ba a sa ba tukuna, kuma mai tsanaki yana sawa.

Littafin awanni yana da wani amfani. Ƙa'idar da NERC ta gindaya a 2024 ta ce layin rukunin A da ya kasa cika alkawarinsa kwana bakwai a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da shi. A majalisar mai shayi kowa yana da tabbacin cewa wutar unguwarsu ba ta kai awa 20, kuma an shekara ana faɗa. Wanda ya rubuta shi kaɗai ne zai iya cewa ranar kaza awa 13 da minti 20 aka samu.

Yanzu an samu jeri mai motsi, sai a fara tankaɗe shi. Tankaɗe na farko shi ne cire hauhawar farashi. Nairar 2016 ba ita ce nairar 2024 ba, don haka kwatanta su kai tsaye yaudarar kai ne. Ana ɗauko ma'aunin farashin kayayyaki da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata, a raba farashin kowane wata da ma'aunin watan, a mayar da komai zuwa nairar shekara guda. Sai wani abin mamaki ya bayyana. Layin nan da ya miƙe ɗoɗar tsakanin tsalle da tsalle ashe gangarowa yake yi, domin yayin da shinkafa da siminti da kuɗin mota ke hawa, yunit yana tsaye, wato yana araha a ɓoye. Kowane tsalle kuwa, wani ɓangarensa cike gurbin abin da ya zaizaye ne. Wannan ba ya rage wa mai biya zafi, amma yana nuna wa mai lissafi cewa in matakin ya daɗe bai motsa ba alhali kaya na tashi, to tsalle na taruwa a wani wuri, ko a bil ɗin mutane ko a tallafin da gwamnati ke ɗauka.

A nan ma akwai rami. A farkon 2025 hukumar ta sabunta ma'aunin, ta mayar da shekarar tushe 2024, ta kuma sauya kwandon kayan da take aunawa. Hauhawar da aka ce kashi 34.80 ce a Disambar 2024 sai ga ta 24.48 a Janairun 2025. Kaya ba su sauko cikin wata ɗaya ba, mudun ne aka canja. Mai kula yana ɗinke tsohon jeri da sabo a wurin da suka haɗu, ya sa alama a zane cewa nan akwai ɗinki.

Tankaɗe na biyu shi ne raba jerin gida uku: doguwar tafiya, zagayen shekara, da ragowa. Don ganin doguwar tafiya, ana tara watanni 12 a jere a raba da 12, a matsa gaba da wata ɗaya a sake, haka har ƙarshe. Tunda kowane rukuni na 12 yana ɗauke da bazara ɗaya, damina ɗaya, hunturu ɗaya, tasirin yanayi yana kashe kansa, sai layi mai santsi ya rage. Daga nan a duba nisan kowane wata daga wannan layi, a tara duk Maris-Maris wuri ɗaya, duk Agusta-Agusta wuri ɗaya. In Maris kullum yana sama da layin, to halin Maris ne, ba tsautsayi ba. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke wannan hukunci. Uku ne mafi ƙaranci, biyar ta fi kwanciyar hankali, shi ya sa wanda ya fara littafinsa tuntuni yake da dukiyar da ba a saye.

Gwani ba ya tsayawa a kan cewa akwai zagaye, sai ya nemi dalilinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ke sa kowace fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki su tashi tare, taransifoma ta yi nauyi, a shiga rabon wuta, kuma lokacin ne ruwan madatsu ke ƙasa. Kogin Kaduna da muke tsallakawa kullum daga Kakuri zuwa cikin gari, shi ne ke gangarawa Jihar Neja ya cika madatsar Shiroro mai megawat 600, wadda aka buɗe a 1990, daga can kuma babban layi ya dawo da wutar tashar Mando. Da damina ruwa ya wadata, amma iska da tsawa suna kayar da turaku. Madatsar Kainji kuma, wadda ta fara aiki a 1968, tana samun cika sau biyu: ruwan daminarmu, sannan wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar ya iso da hunturu. Duk wannan yana barin sawu a littafin mai gadi, in akwai mai karantawa.

Ragowa ita ce abin da doguwar tafiya da yanayi suka kasa bayyanawa, kuma a nan ake gane mai haƙuri. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ya biyo ta Ugwuaji da Apir shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. A jerin mai ƙanƙara, wannan wata zai tsaya can sama shi kaɗai. Malalaci zai goge shi don zane ya yi kyau, ko ya bar shi ya gurɓata masa lissafin duk Oktoba. Mai sanin aiki yana yi masa alama, ya fitar da shi daga lissafin yanayi, ya ajiye shi a lissafin haɗari, domin tambayar sau nawa irin wannan ke faruwa, kuma kwana nawa yake ɗauka, ita ce ke faɗa wa maigida yawan dizal ɗin da ya kamata ya ajiye. Saboda irin waɗannan watanni ne ma yake son duba na tsakiya, wato a jera alƙaluma daga ƙarami zuwa babba a ɗauki wanda ke tsaka, domin wata ɗaya mai hauka yana jan matsakaici amma ba ya girgiza na tsakiya.

Sai batun me ke jan me. Yawancin wutar ƙasar nan daga iskar gas take fitowa, gas ɗin kuma da dala ake yanka masa farashi. Tsarin MYTO kansa ya bayyana abubuwan da yake dubawa: canjin dala, hauhawar farashi, kuɗin gas, da yawan wutar da ake samarwa. An saki naira a Yunin 2023, daga wajen 460 ta wuce 700, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Dizal ya bi ta, amma farashin hukuma na rukunin A bai yi babban tsallensa ba sai Afrilun 2024. Mai lissafi yana auna wannan jinkiri ta hanyar zame jeri ɗaya a kan ɗaya, wata ɗaya, wata biyu, wata uku, har ya ga inda suka fi dacewa.

Amma yana tsoron wata ruɗu da Clive Granger da Paul Newbold suka yi gargaɗi a kanta tun 1974. Duk abubuwa biyu da ke hawa tare za su yi kamar suna da dangantaka, ko da babu. Kuɗin wuta da kuɗin sadaki duk sun tashi cikin shekara goma, kwamfuta kuma za ta ba ka lamba mai kyau in ka haɗa su. Maganin shi ne a daina kwatanta tsayi da tsayi, a kwatanta canji da canji: watan da dala ta motsa da kashi kaza, da kashi nawa yunit ya motsa? Kuma da kashi ake magana, ba da naira ba, domin ƙarin naira 50 a kan 50 ninki ne, a kan 200 kuwa rubu'i ne kawai. Granger ya samu kyautar Nobel a 2003 tare da Robert Engle, wanda ya tsara hanyar auna wani hali da duk mai littafin awanni ya san shi da ido: kwanakin rikici a jere suke zuwa, na lafiya ma haka. In wuta ta yi wasa jiya, akwai alamar za ta yi yau.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu wa'azi a kan muhimmancin wannan lissafi. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta tsaya a 2007, kuma tsadar wuta da baƙin mai na cikin dalilan da ake lissafawa tare da shigo da atamfar waje. Tashar Kudenda mai megawat 215, da aka ba da kwangilarta a 2009, ta shafe shekara da shekaru ba ta kawo ɗaukin da aka sa rai ba. Ƙananan masu sana'a da suka rage a gefen waɗancan katangu ba su da ikon sauya ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da ke hannunsu shi ne sanin nasu alƙaluman.

Mataki na ƙarshe shi ne hasashe, kuma kafin gwani ya buɗe baki sai ya jarraba kansa. Yana rufe watanni shida ko 12 na ƙarshen jerin, ya gina lissafinsa da na baya kaɗai, ya yi hasashen waɗanda ya rufe, sannan ya buɗe ya ga nawa ya kauce. Yana kuma gwada kansa da hasashe mafi sauƙi a duniya, wato cewa wannan Maris zai yi kamar Maris ɗin bara. In duk dabarunsa ba su fi wannan ba, ajiye su yake yi. Ranar da NERC za ta sa hannu a sabuwar takarda kuwa ba ya cikin abin da jeri zai faɗa masa, don haka yakan yi lissafi kashi biyu ko uku: in an bar farashi, in an ɗaga, in an sauya wa layin rukuni.

Shi ya sa in maigida ya ce, "Malam, nawa wuta za ta ci mana da azumi?" ba ya samun lamba ɗaya. Abin da zai ji shi ne, "Alhaji, in layi ya riƙe yadda ya saba a wannan lokaci, tsakanin kaza da kaza. In ya yi mana irin ta Oktoba, ga abin da za mu nema." Daga wannan takarda ake yanke ko za a mayar da daskarar da ƙanƙara zuwa tsakar dare lokacin da layi ya fi zama, ko za a sayi dizal ɗin wata biyu tun yanzu, da kuma shekara nawa faifan sola da batir za su ɗauka kafin su mayar da kuɗinsu, a kan farashin 295, da kuma a kan 347.